Rarrabuwar kawunan jama'a da damawa da kowa a Nijar

Rarrabuwar kawunan jama'a yanayi ne da al'umma ke darewa gida biyu a kan siyasa, addini, yare ko asali, har kowane ɓangare ya daina sauraron hujjar ɗayan, ya koma duban daga bakin wa maganar ta fito. Damawa da kowa kuwa shi ne buɗe wa mata, ƙananan ƙabilu, naƙasassu da waɗanda ake ƙasƙantarwa saboda asalinsu ƙofar makaranta, aiki da mulki. Tarihin Nijar tun daga 1990 ya nuna cewa matakan da ake iya ƙidayawa, kamar kujeru da muƙamai, sun fi saurin samun karɓuwa, yayin da waɗanda suka taɓa aure, gado da asali kan cije da zarar muhawara ta rikiɗe ta zama ta “mu da su”.

A ranar 13 ga Mayun 1991 mata suka yi jerin gwano a birnin Yamai, saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma wannan rana ce ta zama ranar matan Nijar. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta tanadi aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi ga kowane jinsi. Kafin ta fara aiki mace ɗaya ce cikin 'yan majalisa 83 da aka zaɓa a 1999, amma a zaɓen 2004 mata 14 suka samu kujeru cikin 113. An ɗaga kason zaɓe zuwa kashi 15 a 2014, sannan a 2019 aka kai shi kashi 25, na naɗi kuma kashi 30.

Dokar iyali ba ta yi wannan sa'a ba, kuma a nan ne aka fi ganin illar darewar. Daftarin da aka kawo a farkon shekarun 1990 ya gamu da adawar ƙungiyoyin addinin Musulunci, waɗanda suka ɗauke shi a matsayin tsarin Turawa da ake son ƙaƙaba wa Musulmi, yayin da wasu masu goyon bayansa suka riƙa kallon masu adawar a matsayin maƙiya ci gaba. Aka jingine shi, kuma yunƙurin da aka sake yi a 2011 ya watse. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata a 1999, amma ta ware wasu sassa da suka shafi aure da iyali ta ce ba za su hau kanta ba, sannan a 2006 majalisar dokoki ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka. Abin lura shi ne, akwai batutuwa da malamai da 'yan fafutuka za su iya haɗuwa a kansu, irin su ciyar da 'ya'ya bayan saki da danne wa mata gadon da shari'a kanta ta ba su, sai dai zafin gardama ya sa aka zubar da su tare da sauran.

Ta fuskar ƙabila, jihar Tahoua ta ga ƙarshen da wariya ke kaiwa. Kashe-kashen da sojoji suka yi wa Abzinawa a garin Cintabaradan na wannan jiha a watan Mayun 1990 sun rura wutar tawayen Abzinawa, wanda aka rufe da yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995, ranar da ake hutu duk shekara domin tunawa da sasantawar. An shigar da tsofaffin 'yan tawaye aikin soja da na gwamnati, an kuma miƙa wasu iko ga ƙananan hukumomi, duk da haka wani tawayen ya sake ɓarkewa daga 2007 zuwa 2009. Dokar zaɓe ta keɓe mazaɓu takwas na musamman ga ƙananan ƙabilu, ciki har da Tasara a jihar Tahoua, kuma Brigi Rafini, Ba'abzine ɗan Iferwan, ya riƙe muƙamin firaminista daga 2011 zuwa 2021. Amma zaɓen shugaban ƙasa na 2020 da 2021 ya nuna cewa miki bai gama warkewa ba, domin gardama kan asalin ɗan takara Mohamed Bazoum, Balarabe, ta mamaye yaƙin neman zaɓe, kuma tarzoma ta tashi a Yamai bayan bayyana sakamako a watan Fabrairun 2021.

Batun bauta ya fi kowanne wuyar furtawa. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta yi ta fafutuka har aka sa bautar da mutum cikin manyan laifuka a 2003. A 2005 kuwa, bikin 'yanta bayi da aka shirya a Inates ya rushe bayan hukumomi sun musanta cewa akwai bayi, aka kuma tsare shugaban ƙungiyar, Ilguilas Weila, na wani lokaci. A watan Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ta zauna a Yamai, ta samu Nijar da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar a matsayin wahaya, wato baiwar da ake riƙewa tamkar mata ta biyar, a yankin Birnin Ƙonni tana 'yar shekara 12, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Daga cikin abubuwan da ke sassauta gaba akwai taubasantaka, wato wasan da ke tsakanin Fulani da Arawa, Gobirawa da Zabarmawa, ko Fulani da Barebari, wanda ke ba mutum damar faɗa wa taubashinsa gaskiya mai ɗaci cikin raha ba tare da an yi fushi ba. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2014. Sai dai ƙabilu ne wasan yake haɗawa, bai shafi saɓanin jam'iyya ko na aƙida ba, kuma bai cika tasiri a muhawarar WhatsApp da Facebook ba, inda sau da yawa masu zagin juna ba su san asalin juna ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rusa majalisar dokoki, lamarin da ya dakatar da aikin dokar kaso ta fuskar zaɓe. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, ya kuma lissafa Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci, Buzanci da sauransu a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar.