Haidirokabon

Haidirokabon sinadari ne da aka gina da abu biyu kacal, kabon da haidirojin, babu na uku. Fetur, kananzir, dizal, gas ɗin girki da kyandir duk 'yan gida ɗaya ne, abin da ya raba su galibi tsawon sarƙar kabon ne. Kowane atom na kabon hannu huɗu gare shi, haidirojin ɗaya, shi ya sa kabon ke iya kama ɗan'uwansa ya yi ta jeruwa kamar tasbaha.

Tarihi

A 1776 Alessandro Volta ɗan Italiya ya lura da iskar da ke tasowa daga laka a gefen tafkin Maggiore, ya tara ta ya ga tana cin wuta, ita ce miten, ƙaramar cikinsu, kabon ɗaya haidirojin huɗu. A 1825 Michael Faraday ya ware benzin a Landan daga ragowar man da ke taruwa cikin gas ɗin fitila. Lokacin masana da yawa sun ɗauka irin waɗannan sinadarai sai mai rai ke iya samar da su, sai ga Friedrich Wöhler a Jamus a 1828 ya haɗa yuriya, sinadarin da ke cikin fitsari, a ɗakin gwaji ba tare da ƙodar kowa ba. Littattafan sakandare kan ce nan take tsohon ra'ayi ya mutu, masu tarihi sun ce a hankali ya gushe.

Masana biyu, August Kekulé ɗan Jamus da Archibald Couper ɗan Scotland, kowa da kansa ya fito da batun sarƙar kabon a 1858, amma Kekulé ne ya kwashe sunan, wa ke tuna Couper yau? A 1865 kuma Kekulé ya ce benzin zobe ne mai kabon shida. Labarin wai mafarkin maciji ya cije wutsiyarsa ya yi, sai 1890 ya ba da shi, kuma akwai masu shakka.

Rabe-rabe da suna

Gida uku ake fara koya wa ɗalibi. Alken masu haɗi ɗaya tsakanin kabon da kabon, a rubuce sunansu na ƙarewa da -ane, lissafinsu CnH2n+2, inda C ke nufin kabon, H haidirojin, n kuma yawan kabon ɗin. Alkin masu haɗi biyu, -ene, CnH2n. Alkain masu haɗi uku, -yne, CnH2n-2. Benzin da danginsa gidansu daban.

Waɗannan ƙarshen suna sun samo asali daga shawarar August Hofmann wajajen 1866, taron Janiba na 1892 ya kafa dokoki, ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, da aka kafa a 1919 ta ci gaba da su. Farkon suna kuwa ƙirga kabon yake yi, meth ɗaya, eth biyu, prop uku, but huɗu, daga biyar sai lambobin Girka, pent, hex, hept, oct. Na huɗun nan abin sha'awa ne, daga sinadarin da ke sa man shanu wari idan ya daɗe aka samo shi, wato gas ɗin da ke cikin silinda da man shanun da Fulani ke kawowa kasuwa suna ɗaya ya haɗa su.

Dokar ba wuya: in sarƙar kabon ta yi reshe, nemo sarƙa mafi tsawo, fara ƙirga daga gefen da ya fi kusa da reshe, ka sa lambar reshen a gaba. Dole ce ta kawo dokar, don C4H10 siffa biyu gare shi, C5H12 uku, kafin ka kai C10H22 sun zama 75.

Ƙara tsawon sarƙa, ƙara wuyar tafasa. Fenten mai kabon biyar a digiri 36 yake tafasa, ke nan da za ka ajiye shi a buɗe a Sakkwato cikin watan Afrilu, da kansa zai tafasa ba murhu ba itace.

Yadda suke aiki

Dukkansu suna ƙonewa su ba da kabon dayoksaid da ruwa da zafi. In iska ta yi kaɗan sai baƙin hayaƙi da kabon monoksaid mara wari, shi ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki.

Alken ba su da son hulɗa, sai dai musanya, kamar kulorin ya ture haidirojin ya zauna gurbinsa cikin hasken rana. Alkin da alkain kuwa buɗe haɗi suke su karɓi baƙo, shi ya sa ruwan buromin mai launin ruwan goro ke washewa in an zuba su, gwajin da ɗan WAEC ba ya tsallakewa. Markovnikov ɗan Rasha wajen 1870 ya ce a irin wannan karɓar baƙo, haidirojin na bin kabon ɗin da ya riga ya fi yawan haidirojin. Itin, alkin mai kabon biyu, in ya kama junansa dubbai shi ne leda, a 1933 aka dace da ita a Ingila.

Asitilin, alkain mai kabon biyu, shi ne na masu walda, a jefa dutsen kabaid cikin ruwa ya yi ta ɓararraka, gas ya bi tiyo ya haɗu da oksijin, wutar ta haura digiri 3,000. Wasu masu mangwaro da ayaba na nuna kaya da wanga kabaid ɗin, NAFDAC ta sha gargaɗi a kai.

Amfani a yau

Makamashi, roba da magunguna. A Nijeriya an samu ɗanyen mai a Oloibiri a 1956.