Mece ce duniyar kwaikwayo ta haɗin gwiwa, kuma me injiniyoyi ke nema a cikinta?

Direban katafila ba komai yake gani ba daga kujerarsa. Akwai gefen da murfin inji ya tare masa, akwai gefen da hannun da ke ɗaga ƙasa ya tare, kuma lebura na iya tsayawa a nan direba bai san da shi ba. Masu zana irin wannan mota suna son su san waɗannan wurare tun kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya. Zane a takarda ba zai faɗa musu ba, hoto a allon kwamfuta ma haka, domin abin da ake tambaya shi ne me mutum zai gani idan ya zauna, ya juya wuya, ya leƙa ta kafaɗa. A da sai an ƙera samfuri na gaske, a hau a duba, idan bai yi ba a rushe a sake.

Duniyar kwaikwayo, wadda aka fi sani da haruffan VR, wuri ne da kwamfuta ke zanawa ta kewaye mutum da shi, har ya ji kamar a ciki yake tsaye, kuma duk inda ya juya kai hoton ya juya daidai da shi. Idan mutum biyu ko fiye suka shiga wuri ɗaya na kwaikwayo a lokaci guda, suna ganin abu ɗaya, suna nuna wa juna da hannu, suna sauya shi tare, ko suna ɗaki ɗaya ko teku ya raba su, to ita ce ta haɗin gwiwa. Masana kimiyya suna shiga don su kalli bayanan da suka tara, injiniyoyi kuma don su duba abin da ba a ƙera ba tukuna.

Abu biyu ke sa ƙwaƙwalwa ta amince da wannan ruɗu. Na farko, tsakanin idanun mutum akwai tazarar santimita 6 da 'yan kai, saboda haka kowane ido yana ganin duniya daga ɗan gefe daban, kuma daga wannan bambanci ne muke gane kusa da nesa. Kwamfuta sai ta zana hoto biyu, ta tabbatar kowane ido nasa kaɗai yake gani. Na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci, akwai na'urar da ke bin diddigin kan mutum. Ya sunkuya, ya ga ƙarƙashin teburi; ya matsa hagu, abin da ginshiƙi ya ɓoye ya fito. Wannan ne ya raba VR da fim ɗin da ake kallo da tabarau a silima, inda ko ka miƙe ko ka kwanta hoton bai san ka motsa ba. Amma sai an yi sauri. Ma'aunin da masu wannan sana'a suke ambata shi ne kada tsakanin motsin kai da sauyin hoto ya wuce kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa. Idan ya wuce sosai, ido ya ce abu kaza, cikin kunne inda ake jin daidaiton jiki ya ce wani abu daban, sai jiri da tashin zuciya, irin na mai karatu a cikin mota a hanya mai gargada.

Tabarau na kai ya riga komai zuwa. Ivan Sutherland ya haɗa na farko mai nuna hoton kwamfuta a Jami'ar Harvard a 1968, na'urar bin motsinsa ma daga rufin ɗaki aka rataye ta. Sai dai abin da ya buɗe wa masana kimiyya ƙofa ɗaki ne, ba tabarau ba. A 1992, a taron masana zanen kwamfuta na SIGGRAPH da aka yi a Shikago, Carolina Cruz-Neira da Daniel Sandin da Thomas DeFanti na Jami'ar Ilinoi ta Shikago suka nuna wani ɗaki mai suna CAVE. Faɗinsa da tsawonsa da tsayinsa ƙafa 10 ne, wato kusan mita 3. Bango uku majigi ke haska su ta baya, ƙasa kuma ana haska ta daga sama, manyan kwamfutocin kamfanin Silicon Graphics suna zana hotunan. Mai shiga yana sa tabarau maras nauyi da ke rufe ido ɗaya ya buɗe ɗaya da saurin da ba a lura, ya riƙe wata 'yar sanda mai maɓallai a hannu. Fa'idar ɗakin ita ce mutane da dama suna shiga tare, kowa yana ganin hannunsa, yana ganin fuskar abokin aikinsa, ana gardama kamar yadda aka saba.

Kamfanin Caterpillar yana cikin waɗanda suka fara cin moriyarsa a shekarun 1990, tare da cibiyar manyan kwamfutoci ta NCSA da ke Urbana a jihar Ilinoi. Sun sa kujera da sitiyari da liba na gaske a tsakiyar ɗakin, sauran motar da filin aikin duk hoto ne. Direba ya zauna ya tuƙa, ya ɗebi ƙasar da babu ita, ya ce nan ba na ganin gefen taya. A gyara zanen, ya sake zama. Gani ya kori ji.

Ɗakin yana da wani aibi da masu tallarsa ba su cika faɗa ba. Kan mutum ɗaya kawai ake bi. Shi ne yake ganin komai daidai. Sauran suna kallon duniya ne yadda ta dace da idonsa, don haka idan suka yi nesa da shi layuka su karkace, idan ya juya kai ba zato hoton ya fizge su. Mafi muni, idan ya miƙa yatsa ya ce "wannan ƙusar", wanda ke gefensa yana iya ganin yatsan a kan wata ƙusar daban. Shi ya sa a irin wannan zama ake ta miƙa tabarau mai na'urar daga hannu zuwa hannu, sauran kuma su taru a bayan mai shi.

A ganina a nan ne ainihin wahalar fannin take. Kyawun hoto abu ne da kuɗi da shekaru suke kawowa da kansu. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya ce "ga shi nan" kuma kowa ya fahimci abu ɗaya. Wahalar tana ninkuwa idan aka haɗa ɗakuna biyu ta waya, abin da aka gwada a fili a taron manyan kwamfutoci na 1995 a San Diyego, inda wata hanyar sadarwa ta gwaji mai suna I-WAY ta haɗa cibiyoyin bincike da dama na Amurka. Bayan haka Jason Leigh da abokan aikinsa a Shikago suka rubuta manhajar CAVERNsoft musamman don wannan aiki, Caterpillar kuma ya gwada haɗa Ilinoi da cibiyar bincike ta GMD a Jamus, saboda yana da injiniyoyi a Turai da suke aiki a kan motoci ɗaya da na Amurka.

Mutum zai yi zaton hoton ake aikawa ta wayar. Ba zai yiwu ba, kuma lissafin mai sauƙi ne. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa. Daga Shikago zuwa Tokiyo kilomita 10,000 ne da ɗoriya, wato kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa zuwa kawai, ban da dawowa, ban da tsaikon na'urorin da ke hanya. Wannan tuni ya zarce abin da kai zai jure. Saboda haka kowane ɓangare yana ajiye kwafin duniyar a kwamfutarsa, yana zana nasa hoton da kansa. Abin da ke bin waya ɗan kaɗan ne: ina kan wane yake, ina hannunsa, me ya ɗauka, me ya ce. Daga nan sai kwamfutarka ta zana maka wani mutum-mutumi a madadinsa. Na farkon zamani kai ne da gangar jiki da hannu ɗaya, amma aka ga hakan ma ya isa a gane inda mutum yake kallo, da lokacin da ya gyaɗa kai ko ya girgiza shi.

Saƙonnin ma ba darajarsu ɗaya ba. Idan labarin inda hannu yake ya ɓace a hanya, babu asara, wani na tafe nan take, kuma jiran tsohon ɓata lokaci ne. Idan kuwa saƙon "na cire wannan ƙofa" ya ɓace, to ɓangare ɗaya yana duba mota mai ƙofa, ɗayan maras ƙofa, kuma suna ta muhawara ba su sani ba. Irin wannan dole a tabbatar ya isa. Haka nan idan mutum biyu suka kai hannu kan abu ɗaya a lokaci guda, dole manhaja ta yanke wa zai riƙe, yawanci ta kulle abin ga wanda ya riga har sai ya saki.

A wajen masana kimiyya buƙatar ta ɗan bambanta, domin su abin da ido bai taɓa gani ba suke son gani. A cibiyar Ames ta hukumar NASA, a farkon shekarun 1990, Steve Bryson da Creon Levit sun yi ramin iska na kwaikwayo, wato kwafin wurin da ake hura iska a gwada jirgin sama, inda mai bincike ke sakin hayaƙin ƙarya daga yatsansa ya ga yadda iska ke naɗewa a jikin jirgi. Misalin da ya fi burge ni shi ne na tafkin Bonney a Antaktika, wanda ƙanƙara ke rufe da shi duk shekara. A 2008 da 2009 an zura wani mutum-mutumin inji mai suna ENDURANCE ta rami a ƙanƙarar, ya auna zurfi da sinadaran ruwan. Daga baya masu binciken suka taru a CAVE2, sabon ɗakin da aka buɗe a Shikago a 2012, zagayayye mai alluna 72, suka yi ta yawo a gindin tafkin da ba wanda zai iya takawa, wasu na kallon taswirar, wasu na duba alƙaluma a gefe guda na bangon. Kamfanonin mai ma sun daɗe da shiga irin waɗannan ɗakuna, inda masanin duwatsu da injiniyan haƙa suke tsayawa tare su zaɓi hanyar da rijiya za ta bi. Jami'ar KAUST da ke Thuwal, arewa da Jidda, ta buɗe a 2009 da nata ɗakin mai fuska shida, har sama da ƙasa.

Yau yawancin wannan aiki ya koma tabarau, musamman bayan Facebook ya sayi Oculus, kamfanin ƙera irin wannan tabarau, a 2014 a kan dala biliyan 2 ko kusa da haka, farashi ya faɗo daga na gina ɗaki zuwa na sayen waya mai kyau. Tabarau ya warware matsalar kai ɗaya, tunda kowa da nasa hoton daidai da idonsa. Amma ya ƙwace abin da ɗakin ya bayar: ba ka ganin fuskar na kusa da kai, ba ka iya rubutu a takarda, kuma ba kowa ke jure awa biyu da abu ɗaure a fuska ba. Shi ya sa manyan ɗakunan ba su mutu ba.

Akwai kuma iyakar da har yanzu ba a tsallake ba. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna mutane suna ganin nisa ya gaza yadda yake idan suna cikin tabarau, abin da ba ƙaramin lamari ba ne ga mai auna ko direba zai hango lebura. Hannu ba ya jin nauyi ko santsi ko taurin maɓalli. Kuma hoton ba ya fin lissafin da aka zuba masa gaskiya. Kuskuren lissafi ma da kyau yake fitowa, har ya fi saurin shawo kan manajan da ya shigo kallo. Kamfanin Ford ya haɗa masu zanensa na Dearborn a Amurka da na Jamus da Ostareliya a cikin mota ɗaya ta kwaikwayo, amma har yau kafin a amince da sabuwar mota, sai an sassaƙa ta da yumɓu a cikakken girmanta, an zagaya ta, an shafa ta da hannu.