Ma'anar FASIA, Shaidar Girmamawa ga Masu Aikin Raunin Laka

Wanda ya saba duba mujallun likitanci, ko jerin sunayen masu jawabi a tarurrukan masana jijiya, zai ci karo da wasu sunaye da aka liƙa wa haruffan FASIA a baya, kusa da MD ko PhD. Haruffa huɗu na ƙarshe sunan ƙungiya ne, wato ASIA, ƙungiyar masana raunin laka ta Amurka wadda aka kafa a 1973, kuma babu abin da ya haɗa ta da nahiyar Asiya sai kamar suna. Harafin F kuwa yana madadin kalmar da likitocinmu ke furtawa “felo”. Ma'anar gaba ɗaya ita ce, ƙungiyar ta shaida cewa mai sunan ya yi fice a bincike kan raunin laka, ko jinyar masu fama da shi, ko koyarwa, ko fafutukar neman musu haƙƙi, sannan ya daɗe yana yi wa ƙungiyar kanta hidima.

Wajibi ne a rarrabe wannan da wani “felo” da muka fi sani a asibitocinmu. Likitan tiyata da ke rubuta FWACS bayan sunansa ya samu haruffan ne, a mafi yawan lokuta, bayan shekarun horo da cin jarrabawar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, kuma da irin wannan shaida ake zama babban likita mai jagorantar sashe. A Amurka ana kuma kiran likitan da ke ƙarin horo na shekara guda kan jinyar laka da wannan suna. FASIA daban take da duka biyun, domin ba a zauna mata jarrabawa, ba ta ba kowa izinin duba majinyaci, ba kuma digiri ba ce. Ta fi kama da rawanin Sarkin Ɗori ko Sarkin Maƙera, wanda ba shi ke koya wa mutum sana'a ba, sai dai ya tabbatar da cewa 'yan sana'ar sun ga aikinsa tsawon shekaru sun kuma yarda da shi.

Kafin a gane dalilin da ya sa wannan fanni ke buƙatar irin wannan shaida, sai an san daga inda ya taso. Laka ita ce igiyar jijiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin baya, kuma idan ta samu mummunan rauni, abin da ke ƙasa da wurin raunin yakan shanye, fitsari da bayan gida su ƙwace wa mutum. Tun zamanin tsohuwar Masar likitoci suka rubuta cewa wannan ciwo ne da ba a yi masa magani, kuma haka aka ci gaba da ɗaukarsa har Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da mafi yawan sojojin da suka samu irin wannan rauni suka mutu cikin makonni kaɗan. Sau da yawa ba raunin kansa ne ke kashe su ba, gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara da ke haurawa zuwa ƙoda.

Mutumin da ya fi kowa sauya wannan hali shi ne Ludwig Guttmann, likitan jijiya Bayahude da ya tsere daga Jamus a 1939, ya kuma buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944. Abin da ya kawo aiki ne mai gajiyarwa da ba ya jan hankalin 'yan jarida: a juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada fatar kwankwaso da dunduniya ta mutu, a zuƙe fitsari da roba mai tsabta a kan lokaci, a tashe shi zaune, a koya masa keke, a mayar da shi ga sana'a. A 1948 ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16 masu keken guragu, wadda daga cikinta wasannin nakasassu na duniya suka tsiro a birnin Rum a 1960. A 1961 ya zama shugaban farko na ƙungiyar duniya ta masana raunin laka da a yau ake kira ISCoS. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 1966, kuma har yanzu ISCoS na gayyatar wani fitaccen masani ya gabatar da lacca da sunansa a taronta na shekara, ban da lambar yabo da take bai wa wanda ya yi wa fannin gagarumin aiki.

A ganina a nan ne muhimmancin maganar yake. Nasarar wannan aiki ba ta cika bayyana ga ido ba, domin har yau babu maganin da ke haɗa lakar da ta tsinke, kuma abin da ƙwararre zai nuna bayan shekara ashirin shi ne gyambon da bai fito ba, da ƙodar da ba ta lalace ba, da matashin da ya koma makaranta a kan kekensa. Irin wannan ba mai iya auna shi sai wanda ya taɓa tsayawa a gefen gadon. Shi ya sa shaidar abokan aiki ta fi nauyi a nan, shi ya sa kuma ya dace cewa ASIA ba ta likitoci kaɗai ba ce, har da ma'aikatan jinya, da masu gashi da motsa jiki, da masana halayyar ɗan Adam, da masu bincike a ɗakin gwaji.

Misali ɗaya zai nuna irin hidimar da ake nufi. A 1982 ƙungiyar ta fitar da ƙa'idar auna raunin laka, tana mai ɗorawa a kan tsarin da Hans Frankel, wani likita a asibitin Stoke Mandeville, ya wallafa a 1969, kuma kwamitocinta na ci gaba da gyara ta. Mai gwajin yakan ɗauki auduga da fil ya taɓa wurare 28 a kowane ɓarin jiki, majinyaci na rufe da ido yana faɗin abin da ya ji, sannan a gwada ƙarfin tsokoki 10 a kowane ɓari, a ba kowace maki daga 0 zuwa 5. A ƙarshe ana duba ji da motsi a dubura, domin nan ne ake tantance ko saƙo na ratsa wurin raunin. Daga nan sai a sanya raunin a mataki daga A, inda babu ji babu motsi a can ƙasa, zuwa E, inda komai ya dawo daidai. Idan likita a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya rubuta “ASIA B” a katin wanda haɗarin mota ya rutsa da shi, takwaransa a Tokiyo zai fahimci abin da yake nufi ba tare da ƙarin bayani ba.

Duk da haka, shaidar tana da iyaka da ya kamata a faɗa. Tunda hidima ga ƙungiyar na cikin sharuɗɗa, wanda ke da halin biyan kuɗin zama mamba da halartar taro a Amurka shekara bayan shekara shi ya fi kusa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka, kuma da yawa daga cikin masu jinyarsu, musamman a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ba za su taɓa samun wannan hali ba. Don haka rashin haruffan a bayan sunan likita ko nas ba ya nuna ƙarancin ƙwarewa. Iyalin da ke neman inda za su kai majinyacinsu sun fi buƙatar tambayar ko sashen na juya marasa lafiya a kan lokaci, ko ana koyar da sa robar fitsari kafin sallama, da kuma ko akwai mai gashi da zai fara aiki da shi tun yana kan gado.