Koyar da ɗa'ar sana'a ga ɗaliban zanen gine-gine

Ɗa'ar sana'a a fannin zanen gine-gine ita ce ƙa'idoji da ladubban da ke fayyace haƙƙoƙin da ke wuyan mai zanen gini: na wanda ya ba shi aiki, na mutanen da za su zauna a ginin, na maƙwabta, da na abokan sana'a. A yawancin jami'o'i ana koyar da ita a cikin darasin gudanar da sana'a, tare da dokar kwangila da lissafin ladan aiki, kuma sau da yawa sai a shekarun ƙarshe ɗalibi yake haɗuwa da ita. Amma abin da ake koyarwar ya girmi jami'a nesa ba kusa ba. Shekaru dubbai a bakin aiki ake ɗaukarsa, daga maigida zuwa yaronsa.

Asali

Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubuce kan alhakin magini yana cikin dokokin Hammurabi, sarkin Babila, waɗanda aka sassaƙa a kan dutse wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa. Doka ta 229 ta ce idan magini ya gina gida bai inganta shi ba, gidan ya faɗi ya kashe mai shi, to a kashe maginin. Idan dukiya ce ta salwanta, sai ya biya, ya kuma sāke ginin daga aljihunsa.

Vitruvius, wani Barume da ya yi rubutu a zamanin Agustas, sarkin Roma, ya ɗaure halin mai zane da iliminsa. A wurinsa gini nagari sai ya haɗa ƙarfi da amfani da kyau, shi kuma mai zanensa kada ya zama mai kwaɗayi ko mai karɓar toshi, kada kuma ya bi mutane yana roƙon aiki. Ya ba da labarin wata doka ta birnin Afisa, a ƙasar Turkiyya ta yau: mai zanen da ya karɓi aikin hukuma zai faɗi kuɗin da aikin zai ci, a riƙe dukiyarsa jingina. Idan kuɗin ya haura da abin da bai wuce rubu'i ba, baitulmali ya cika. Idan ya wuce haka, a cire daga dukiyarsa. Vitruvius ya yi fatan a ce Roma ma tana da irin wannan doka.

A biranen Musulmi, al'amarin ya shiga hannun alƙalai da masu hisba, bisa hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Ibn al-Rami, wani magini na birnin Tunis da ya rasu wajen 1334, ya tattara hukunce-hukuncen Malikiyya kan gini, kuma shi kansa alƙalai suna aikensa ya dubo abin da ake jayayya a kai. Mas'alolin na yau da kullum ne: tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, ƙofar da ta kalli ƙofar wani, hayaƙin gidan burodi, indararon da ke zuba a katangar da ba taka ba. Wannan ɓangare bai cika samun gurbi a manhajojin zamani ba, alhali ya tsaya ne kan mutumin da bai sa hannu a kwangila ba amma ginin zai shafe shi, wanda shi ne aka fi mantawa da shi.

Daga hannun gwani zuwa aji

A ƙasar Hausa gini sana'ar gado ce, kuma a manyan birane akwai Sarkin Magina da ke shugabantar masu ita. Yaro yana farawa da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, sai bayan shekaru a bar shi ya ɗaure azara ko ya tada baka. A wannan tsawon lokaci yake ganin yadda maigidansa ke yin ciniki, da lokacin da yake rushe abin da bai yi daidai ba. Mafi shahara a cikin maginan ƙasar Hausa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ake danganta masa Masallacin Juma'a na Zariya, da aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840.

A Turai ma haka abin yake har ƙarni na 19: matashi ya shiga ofishin wani gwani ya yi shekaru. Da karatun ya koma makarantu, zane ya samu ɗaki na musamman da mafi yawan sa'o'i, halin sana'a kuwa ya zama darasi guda a gefe.

Kundin ƙa'idoji

An kafa ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Birtaniya, wadda aka sani da RIBA, a 1834, ta Amurka kuma, AIA, a 1857. A 1909 AIA ta fitar da kundin ɗa'arta na farko. Ya hana mambobi yin talla, da karya farashi don ƙwace aiki, da shiga harkar kwangilar gini. Wanda ya karanta shi zai ga ya fi kula da mutuncin sana'a da zaman lafiyar masu ita fiye da jama'ar gari.

Abubuwa biyu suka girgiza wannan tsari. A 1968 Whitney Young, ɗan gwagwarmayar haƙƙin baƙaƙen fata, ya tsaya a taron AIA a birnin Portland ya zargi masu sana'ar da yin shiru kan halin da unguwannin talakawa ke ciki. Sannan a shekarun 1970 gwamnati da kotunan Amurka suka ɗauki hana gasar farashi a matsayin saɓa wa dokar kasuwanci, har ƙungiyar ta janye kundin. Sabon da ya fara aiki a 1987 ya sa haƙƙin jama'a a gaba. Ƙungiyar masu zane ta duniya, UIA, ta amince da nata ma'aunin a Beijin a 1999.

Yadda ake koyarwa

Hanya ta farko ita ce lacca: a karanta kundin, a yi bayanin rikicin maslaha (inda amfanin mai zane ya ci karo da na wanda yake wa aiki), sirrin wanda ya ba da aikin, satar zane, da haramcin karɓar kamasho daga ɗan kwangila ko mai sayar da kaya. Ta biyu ita ce nazarin abin da ya taɓa faruwa. Ta uku, wadda malamai da dama ke ganin ta fi tasiri, ita ce ɗakin zane kansa, inda tambayar malami kan hanyar fita idan gobara ta tashi, ko yadda mai keken guragu zai shiga, take zama ɗabi'a. Wasu makarantu sun fitar da ɗalibai fili gaba ɗaya. A 1993 Samuel Mockbee da abokin aikinsa D. K. Ruth suka kafa Rural Studio na Jami'ar Auburn, inda ɗalibai ke zana gidaje suna gina su da hannunsu ga matalauta a gundumar Hale ta jihar Alabama a Amurka.

Misalin da aka fi kawowa a aji shi ne benen Citicorp na birnin New York, mai hawa 59. A 1978, bayan an gama shi, tambayoyin ɗalibai suka sa injiniyansa, William LeMessurier, ya sāke lissafi. Ya gano an ɗaure ƙarafan da noti maimakon walda, kuma iska mai ƙarfi daga kusurwa tana iya kada ginin. Ya kai kansa wurin masu ginin ya faɗa, aka yi ta gyara da dare. Jama'a ba su san cikakken labarin ba sai a 1995. Wasu na yaba masa, wasu na sukar ɓoyewar.

Akwai kuma otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City, inda gadojin cikin gini suka rufto a 1981 suka kashe mutum 114, saboda wani sauyi a zanen ƙarfen rataya da ba a sāke lissafinsa ba. Gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, ta ci rai 72. Rahoton binciken da ya fito a 2024 ya ɗora wa kamfanin da ya zana gyaran ginin kaso na laifin.

A Najeriya

Karatun zanen gine-gine ya fara a Ibadan a farkon shekarun 1950, aka dawo da shi Zariya wajen 1955, ya kuma shiga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa ta a 1962. Ƙungiyar masu sana'ar, NIA, ta kafu a 1960, sai Doka ta 10 ta 1969 ta samar da hukumar rajista, ARCON. Ɗalibi yakan yi digiri na farko da na biyu, ya yi zaman koyon aiki a ofis, sannan ya zauna jarrabawar ƙwarewa kafin a ba shi hatimi.

Hatimin nan shi ne jigon darasin a nan gida. Buga shi a kan zanen da wani ya yi, ba tare da an duba ba, yana cikin laifuffukan da ake gargaɗin ɗalibai a kai, haka ma kau da kai idan an rage siminti ko rodi, ko mai gini ya ƙara hawa bisa wanda aka amince. An fitar da kundin dokar gini na ƙasa a 2006. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum sama da 40.

Saɓani

Ba a daidaita ba kan ko mai zane yana da alhaki a kan abin da za a yi da gininsa. A 2020 AIA ta hana mambobinta zana ɗakunan zartar da hukuncin kisa ko na azabtarwa. Karɓar aiki daga gwamnatocin kama-karya, da sa ɗalibai aiki a ofis ba biya, har yanzu ana jayayya a kansu.