Ficewa daga CEDEAO da dokar makamai: bayani ga masu ƙetare iyaka daga Damagaram

Tun ranar 29 ga Janairun 2025 da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata, maganganu biyu ke yawo a tashoshin mota da fadojin matasa na Damagaram. Ta farko tana cewa ɗan Nijar ba zai ƙara shiga Najeriya neman abinci ba sai da biza, kuma waɗanda ke can za a koro su. Ta biyu, wadda ta fi haɗari, tana cewa tunda mun bar ƙungiyar, dokokinta na makamai sun daina aiki a kanmu, kuma tunda wasu gwamnonin arewacin Najeriya sun ce wa jama'arsu su kare kansu, to ɗan kasuwa ko direba ma yana iya ajiye bindiga a ƙarƙashin kujera saboda tsaron hanya. Duka biyun ba haka doka ta ce ba.

Batun zirga-zirga ya fi sauƙin warwarewa. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana ɗauke da takardar tafiya mai inganci. A ranar da ficewar ta tabbata, hukumar CEDEAO ta fitar da sanarwa tana neman ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarin ƙungiyar daga hannun 'yan ƙasashen uku, su bar su suna shiga, suna zama, suna kafa sana'a ba tare da biza ba, su kuma ci gaba da karɓar hajarsu bisa tsarin sassaucin kasuwanci na ƙungiyar, har sai an ba da sabuwar sanarwa. Tun kafin nan, a Disamban 2024, ƙawancen AES na ƙasashen uku da suka fice ya shelanta cewa 'yan ƙasashen CEDEAO za su shigo nasa yankin ba tare da biza ba. Sassaucin na CEDEAO ya haɗa da ɗan cirani, mai kai dabbobi kasuwar Maigatari, mai sarin kaya a Kano, ɗalibi da mai zuwa asibiti. Abin da bai haɗa da shi ba shi ne mai tafiya hannu rabbana ba ko katin ɗan ƙasa, domin wannan ko lokacin da muke cikin ƙungiyar doka ba ta tsaya masa ba.

Ban ga laifin wanda ya tsorata ba, domin mutanen wannan yanki sun sha ganin an wayi gari iyaka a rufe. Dattawa suna tuna korar baƙi da Najeriya ta yi a 1983 da rufewar 1984 wadda ta haɗu da fari har aka sa wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. Matasa sun ga rufewar da ta fara a Agustan 2019 ta kai Disamban 2020, sannan ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wadda ba a ɗage ba sai a Maris na 2024. A tsakanin nan Najeriya ta cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, abin da ya karya sana'ar masu sayar da ruwa-ruwa a bakin titi, darajar naira kuma ta zube har kuɗin da ɗan cirani ke turo wa gida ya koma ba ya cika buhu idan an canza shi zuwa sefa. Masu dako a Ɗan Barto da Magarya, 'yan kamasho, 'yan canji da 'yan kabu-kabu da yawa sun rasa abin yi. Kalmomin nan na "har sai an ba da sabuwar sanarwa" su ma ba sa kwantar da hankali, kuma a ganina bai dace a bar abincin dubban iyalai yana rataye da sanarwar da za a iya janyewa ba, alhali gwamnatocin biyu suna da ikon zama su rubuta yarjejeniya tsakaninsu.

To, a cikin wannan rashin aikin ne magana ta biyu ta sami masu saurare, kuma a nan ne ake bukatar natsuwa. Gaskiya ne CEDEAO tana da yarjejeniya kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006, ta fara aiki a 2009. Amma gwamnatoci ta ɗaure: ta hana su shigo da makamai ko fitar da su sai da sahalewar ƙungiyar, ta kuma wajabta musu su hana farar hula mallakar manyan makamai, su sa lasisi a kan ƙanana. Alƙalin da za a kai mutum gabansa a Damagaram ba da wannan takarda yake yanke hukunci ba. Da kundin hukunta laifuka na Nijar yake aiki, wanda aka kafa tun 1961, shekara 14 kafin a haifi CEDEAO a 1975, kuma kundin ya haramta shigo da bindiga, sayar da ita, ɗaukarta a mota, ajiye ta ko yawo da ita ba tare da izinin hukuma ba, ya tanadi ɗauri da tara. Haramcin ya haɗa da harsashi da albarushi. Ficewa daga ƙungiya ba ta goge ko layi ɗaya daga cikin wannan ba.

A ɗaya gefen iyakar abin ya fi tsanani. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin na maharba, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda aka kama da ta rukunin farko ba lasisi, mafi ƙarancin abin da dokar ta yanka masa ɗaurin shekara 10 ne, na rukuni na biyu kuwa yana iya kai shekara 5. Shigo da makami ta hanyar da ba ita doka ta ware ba shi ma laifi ne mai zaman kansa, ko da mutum yana da takarda daga ƙasarsa.

Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce mutane suka fi kasa fahimta. Izinin da Nijar ta ba mutum a cikin Nijar yake aiki, kuma yana ƙarewa a shingen ƙarshe na jandarmomi da duwan. Wanda ya tsallaka Kwangwalam da bindigarsa ya nufi Daura, daga wannan taku ya zama mai riƙe da makami ba lasisi a idon dokar Najeriya, haka nan ɗan Najeriya mai lasisin 'yan sandan ƙasarsa idan ya shigo Matamaye. Ko yarjejeniyar 2006 ɗin, a lokacin da ake cikinta, ba ta ce lasisin wata ƙasa ya wadatar ba, cewa ta yi baƙon da ke son shiga da makami na ɗan lokaci sai ya nemi takarda ta musamman daga ƙasar da zai shiga.

Maganar gwamnoni kuwa ta faru, ba ƙage ba ce. Aminu Bello Masari ya yi irin wannan kira a Katsina a 2021, kuma a Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga. Sai dai babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko, domin sha'anin makamai na gwamnatin tarayya ne. Har yau ana muhawara a can tsakanin masu cewa wanda hukuma ta kasa karewa bai kamata a ɗaure masa hannu ba, da masu cewa yawan bindiga a hannun jama'a shi ke ƙara ruruta wutar. Muhawara ce mai nauyi, musamman ga wanda ya ga 'yan gudun hijirar da suka kwararo jihar Maradi tun 2019. Amma dokar ba ta canza ba, kuma ko da ta canza, kiran gwamna ga talakawan jiharsa ba zai zama izini ga baƙo ba.

Wanda na fi ji wa tsoro ba mai neman bindiga da gangan ba ne, direba ne ko yaron mota ko ɗan kabu-kabu mai karɓar saƙo. Kowa ya san yadda ake yi a tasha: a miƙo kwali an naɗe shi da salatif, ko buhu an ɗinke bakinsa, an rubuta lambar waya a jiki da alƙalami, a ce kayan gyaran babur ne, wani zai karɓa a can. Mutumin da ya yi wata uku ba lodi, idan aka ninka masa kuɗin saƙo, da wuya ya ce a kwance ya gani. Idan aka buɗe a shinge aka tarar da harsasai a cikin gero, a hannunsa aka samu, kuma kafin ya gamsar da alƙali cewa bai san abin da ke ciki ba, an tsare shi, an riƙe motar, lambar da ke jikin kwalin kuma ta daina shiga. Ya kamata ƙungiyoyin direbobi su mai da shi ƙa'ida a buɗe kowane saƙo a gaban mai shi, a rubuta sunansa da lambar katinsa a littafin tasha.

Ina goyon bayan haramcin, domin kwanciyar hankalin da Damagaram ke da shi, idan aka kwatanta da wasu yankunan maƙwabta, ba zai ɗore ba idan kowace motar kasuwa tana tafe da makami. Sai dai dokar takan fi sauka a kan mai ɗauko kaya fiye da mai kayan, kuma hukumar da ta hana mutum kare kansa ta ɗauki alkawarin tsare masa hanyar kasuwa. Wanda yake da bindigar gado a ɗaka ba takarda, hanyar da ta fi masa ita ce ya kai maganar gaban hukuma ta hannun mai unguwa ko mai gari. Nijar tana da hukumar tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, wato CNCCAI, tun 1994, kuma karɓar irin waɗannan makamai yana cikin aikin da aka kafa ta dominsa.