Tambayoyin da ɗalibai ba sa gajiya da yi kan sharhin littafi

Da zarar lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, tambayoyin nan su ke dawowa daga bakin ɗaliban jami'a da na kwalejojin ilimi a nan Kano. Na gaji da maimaita amsa a tsaye a bakin ofis, shi ya sa na rubuta. A karanta kafin a zo.

Malam, idan na taƙaita labarin littafin da kyau, na yi sharhi ke nan?

A'a. Mai duba aikinka ya karanta littafin tun kana firamare. Sakin layi ɗaya ya ishe ka taƙaitawa.

To me ake so in faɗa?

Maganar da mai hankali zai iya ji ya ce bai yarda ba. Idan ka rubuta cewa *Shehu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana magana a kan bauta, ba ka ce komai ba, kowa ya sani. Amma ka ce zafin bautar a jikin mahaifiyar Umar littafin ya fi nuna shi, ba a jikin Umar ba. Shi ya faɗa hannun Balaraben da ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama shehun malami. Ita kuwa ta fita nemansa aka bautar da ita, ta sha wuyar hamada, ta rasu ba da daɗewa ba bayan sun sadu. Wannan matsaya ce, za a iya musa ta, kai kuma aikinka ka kare ta shafi bayan shafi.

Misali nawa zan kawo?

Ba ƙirga ake yi ba. Kawo masu ƙarfi, ka warware su. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ɗalibi ya kwafo rabin shafi, ya rubuta "wannan ya nuna salon marubucin", ya wuce. Wane salo? Wace kalma ce ta yi aikin? Wa ke magana, wa yake faɗa wa, me ya biyo baya? Ni ba zan yi maka tunanin ba.

Littafin soyayya na kasuwa ya cancanci a yi nazarinsa?

Ya cancanta. An yi wannan muhawara a jaridu tun shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da wasu sun faɗi nasu. Je ka karanta su, ka daina tambayata.

Marubuciyar littafin da nake nazari tana raye, a Kano ma take. In je in tambaye ta abin da take nufi?

To, wannan tambaya ce ta gaske, kuma ba ni da amsa guda.

Ki je, in har an ba ki dama. Akwai abubuwan da ita kaɗai ta sani: yaushe ta rubuta, da kuɗin wa aka buga, ko ita ta raba labarin kashi uku ko kuwa 'yan kasuwa suka nemi haka, ko an sa ta cire wani abu. Irin wannan bayani kan canza fahimta. Kina iya zaton jan labarin da ke tsakiyar littafin gwaninta ce ko rauni, ashe larurar cika littafi na biyu ce. Ki bi ta hannun wanda ya san ta, ko ta reshen ƙungiyar marubuta ta ANA na Kano. Ki gaida Hajiya yadda ya kamata, ki nemi izini kafin ki kunna rikoda, ki rubuta rana da wuri.

Amma maganar "me kike nufi" sai an yi hattara. Kusan duk marubucin da kika tambaya zai ce miki faɗakarwa yake yi, kuma ba lallai ƙarya ce ba. Sai dai ki tuna inda muke. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a nan Kano, a ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jiha mai suna A Daidaita Sahu, daga baya kuma hukumar tace finafinai ta nemi marubuta su yi rajista. Wadda ta ga wannan zamani za ta auna bakinta a gaban baƙuwa mai rikoda, kuma ban ga laifinta ba. Ga mantuwa: littafin da aka rubuta shekara ashirin da suka wuce, mai shi ma wani lokaci abin da masu karatu suka gaya masa yake tunawa.

Saboda haka ki riƙe maganarta a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu. In ta dace da abin da ke shafi, madalla. In ta ce jigonta biyayyar aure ce, ke kuma kin ga duk matar da ta yi haƙuri a labarin ta ƙare a wulaƙance, wadda ta nemi saki ita ta samu sauƙi, ki rubuta duka biyun cikin ladabi, ki nuna shafukan. Watakila kin ga abin da ta rubuta ba ta lura ba, watakila ta lura ba ta son faɗa, watakila kuma ke ce kika karanta da son zuciya. Kafin ki yanke, ki sake karanta littafin tun daga farko. Kuma in mai duba aikinki yana ganin maganar marubuci ita ce ƙarshe, ki zauna da shi tun da wuri, kada sai ranar kare kundi.

Na ci karo da wurin da ya saɓa wa matsayata. In tsallake shi?

Kada ka kuskura, malamin da za a gayyato daga waje nan zai fara buɗewa. Kuma kwantar da hankalinka, aikinka bai rushe ba. Kawo wurin da kanka, ka faɗi yadda ka fahimce shi, in ta kama ka rage faɗin maganarka. "A mafi yawan babuka" da ka iya karewa ya fi "a ko'ina" da ba ka iya ba.

Dole ne in ɗora aikin a kan ra'i, wato wata mazahabar nazarin adabi?

In sashenku ya ce dole, dole ne. Amma ra'in da ka cika babi na biyu da shi, in gan shi yana aiki a babi na huɗu.

Wane bugu zan yi amfani da shi?

Wanda ke hannunka. Rubuta shekararsa da kamfanin da ya buga, domin lambar shafi kan bambanta daga bugu zuwa bugu, kuma zan duba.