Maki huɗu da suka hana masu nakasa barci a Birtaniya

A ranar 18 ga Maris 2025 gwamnatin Birtaniya ta bayyana shirinta na tsaurara sharuɗɗan samun tallafin nakasa. Ba a yi wata huɗu ba ta janye sashen da ya fi tayar da ƙura, bayan 'yan majalisar jam'iyyarta ta Labour sun juya mata baya. Duk da haka hankalin masu nakasa bai kwanta ba.

Wane tallafi ne ake wannan rigima a kansa?

Sunansa PIP, kuma an fara biyansa a 2013 a madadin wani tsohon tallafi da ake kira DLA. Ana ba mutum daga shekara 16 zuwa shekarun fansho idan yana da nakasa ko doguwar rashin lafiya, ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Kashi biyu ne. Akwai na hidimar yau da kullum, akwai na zirga-zirga. A shekarar kuɗi ta 2025 ƙaramin mataki na hidimar yau da kullum fam 73.90 ne a mako, babban mataki fam 110.40. Na zirga-zirga kuwa fam 29.20 ko fam 77.05.

Abin da ake yawan mantawa shi ne PIP ba kuɗin rashin aikin yi ba ne. Ba a duba albashin mutum ko ajiyarsa a banki, kuma mai aiki yana iya karɓa. An yi shi ne don toshe ƙarin kuɗin da nakasa ke jawowa: tasi maimakon bas, wutar ɗumama ɗaki ga wanda sanyi ke tayar wa ciwo, kayan taimako, mai zuwa ya yi shara da wanki. Yankin Sukotilan ya fita daga tsarin, yana da nasa tallafin tun 2022.

Ta yaya ake gane wanda ya cancanta?

Da maki, kamar jarrabawa. Sunan cutar ba shi ake dubawa ba, sai irin wahalar da take sa mutum. A ɓangaren hidimar yau da kullum ayyuka goma ne: girki, ci da sha, shan magani da kula da jinya, wanka, zuwa banɗaki, sa tufafi, magana, karatu, mu'amala da mutane, da sarrafa kuɗi. Kowane aiki ana ba da maki gwargwadon taimakon da mutum ke buƙata, sannan a haɗa jimilla. Maki 8 ƙaramin mataki, maki 12 babban mataki.

To me gwamnati ta so canzawa?

Sharaɗi guda ta so ƙarawa daga Nuwamban 2026: ban da jimillar maki 8, dole mutum ya samu aƙalla maki 4 a aiki ɗaya tak daga cikin goman nan, in ba haka ba babu kuɗin hidimar yau da kullum. Ba a taɓa ɓangaren zirga-zirga ba. Ministar ayyuka da fansho ta lokacin, Liz Kendall, ita ta gabatar da shirin, wanda aka yi lissafin zai rage wa gwamnati kashe kusan fam biliyan 5 a shekara kafin 2030.

Maki huɗu kacal, ina abin tayar da hankali a nan?

Sai an buɗe jadawalin makin ake ganin inda gizo ke saƙar. Wanda ba ya iya yanka abincinsa sai an yanka masa, maki 2 ne. Wanda sai an wanke masa kai ko an cuɗa masa jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, maki 2. Wanda sai an kama shi ya shiga wurin wanka ko ya fito, maki 3. Wanda sai an sa masa wando da takalmi, maki 2. Wanda sai an tsaya a kansa ko an tuna masa kafin ya je banɗaki, shi ma 2. Maki 4 sai an kai ga wanda ake wanke wa jiki tsakanin kafaɗa da ƙugu, ko ake sa wa riga, ko ba ya iya girki sai da wani a gefensa.

Ɗauki misalin wata mata mai ciwon gaɓɓai. Tana girki a zaune kan kujera ta musamman (2), 'yarta ke yanka mata nama (2), ke wanke mata ƙafafu (2), ke sa mata safa da takalmi (2), tana dafa ƙarfen bango kafin ta tashi a banɗaki (2), kuma zaman gida ya sa sai an lallashe ta take shiga mutane (2). Jimilla 12, wato babban mataki, fam 110.40 a mako a 2025. A sabon sharaɗin ko sisi ba za ta samu ba, domin babu inda ta kai 4. Wani kuwa mai maki 4 a ayyuka biyu kawai, jimilla 8, kuɗinsa na nan daram.

A ganina nan ne kuskuren shirin yake. Bai auna wanda ya fi wani wahala ba. Ya auna ne ko wahalar ta taru wuri ɗaya ko ta bazu cikin yinin mutum, alhali ciwon baya da ciwon gaɓɓai da cututtukan da ke tashi su lafa galibi haka suke, suna ɗan ci ta ko'ina. Shi ya sa masu irin waɗannan lalurori suka fi kowa shiga zulumi.

Mutum nawa abin zai shafa da an aiwatar?

Alƙaluman na gwamnati ne da kanta, ba na 'yan adawa ba. Ta ce zuwa 2030 mutum kusan 800,000 za su rasa kuɗin hidimar yau da kullum, 370,000 daga masu karɓa, sauran daga waɗanda da za su samu nan gaba, kowanne da asarar kimanin fam 4,500 a shekara. Ta kuma ce ƙarin mutum 250,000, ciki har da yara 50,000, za su faɗa talauci sakamakon dukkan sauye-sauyen tallafin da ke cikin shirin.

Sannan PIP mabuɗi ne na wasu ƙofofin. Wanda ke jinyar mai karɓarsa na aƙalla sa'a 35 a mako yana iya neman alawus ɗin masu jinya, fam 83.30 a mako a 2025. In maras lafiya ya rasa nasa, mai jinya ma ya rasa. An ƙiyasta masu jinya 150,000 za su shiga wannan hali. Gida ɗaya, asara biyu a rana guda, kuma jinyar ba ta ragu ba.

Gwamnati ba ta da hujja ke nan?

Tana da ita, kuma ba ta wasa ba ce. Masu karɓar PIP sun haura miliyan 3 da rabi, adadin ya yi tashin gwauron zabo tun bayan korona, musamman tsakanin matasa masu lalurar ƙwaƙwalwa. Mutum kusan miliyan 2.8 ba sa aiki saboda doguwar rashin lafiya. Firaminista Keir Starmer ya dage cewa tsarin ba zai ɗore a haka ba, an kuma yi alkawarin fam biliyan 1 don taimaka wa mutane komawa aiki.

Sai dai yanke tallafin da bai da alaƙa da zaman kashe wando ba ya tura kowa aiki, har ma akwai masu cewa da shi suke biyan motar zuwa aikin. Abin da ya ƙara ɓata wa mutane rai shi ne ba a saka sharaɗin maki huɗun cikin abubuwan da aka nemi jin ra'ayin jama'a a kai ba, kuma an sanar da shi mako guda kafin ministar kuɗi Rachel Reeves ta gabatar da bayanin kasafinta. Mutane da yawa suka ɗauka ramin kasafi aka fara aunawa, sannan aka nemo sharaɗin da zai cike shi.

Yaya aka ƙare a majalisa?

'Yan majalisar Labour fiye da 120, 'yar majalisa Meg Hillier na gaba, suka sa hannu a takardar neman kashe ƙudurin dokar da ke ɗauke da shirin. Gwamnati ta fara da sassauci: waɗanda suka riga suka fara karɓa ba za a taɓa su ba, sababbi kawai. Wannan ma bai gamsar ba, domin mutum biyu masu ciwo iri ɗaya za su samu hukunci daban saboda ranar da suka cike takarda. A ranar 1 ga Yuli, ana tsakiyar muhawara, ministan da ke kula da harkar nakasa, Stephen Timms, ya miƙe ya ce an cire sashen PIP gaba ɗaya. Ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 335 a kan 260, amma 'yan Labour 49 sun ƙi shi duk da haka.

Tunda an cire, me ya rage na fargaba?

Ɗagewa aka yi, ba a binne maganar ba. An ɗora wa Timms aikin sake nazarin yadda ake tantance PIP tare da masu nakasa da ƙungiyoyinsu, ya miƙa rahoto kafin ƙarshen 2026. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu zai yi, kuma waɗannan mutane sun sha sara: tantancewar PIP ta yi ƙaurin suna, har kusan biyu cikin uku na waɗanda suka kai ƙara gaban kotun sauraron koke suna yin nasara.

Akwai kuma abin da ya zama doka. Ƙarin kuɗin rashin lafiya da ke cikin Universal Credit (tallafin masu ƙaramin ƙarfi da marasa aiki), wanda ya kai kimanin fam 97 a mako, an rage shi zuwa kimanin fam 50 ga sababbin masu nema daga Afrilun 2026, ban da masu ciwon ajali da masu tsananin lalura ta dindindin. Gwamnati ta kuma ce tana son soke gwajin iya aiki a 2028, wato gwajin da ake tantance masu samun wannan ƙarin da shi, ta rataya ƙarin a wuyan tantancewar PIP. In hakan ta tabbata, wanda ya faɗi jarrabawa ɗaya ya rasa tallafi biyu.

Shin wannan ya shafi mutanenmu da ke zaune a can?

Ya danganta da takardar zama. PIP na cikin abin da dokar shige da fice ke kira kuɗin jama'a, don haka ɗalibai da masu bizar aiki, har da ma'aikatan jinya da suka tafi daga Najeriya ko Gana, galibi an rubuta musu a biza cewa ba su da haƙƙin taɓa shi, kuma nemansa na iya jefa zamansu cikin matsala. Wanda ya samu izinin zama na dindindin ko ya zama ɗan ƙasa yana iya nema kamar kowa, muddin ya zauna a ƙasar shekara biyu cikin uku da suka gabata.